Zane-zane a Bakin Rafin Bakura

Da aka yi dogon hutun makaranta, 'ya'yan Mufida uku suka dame ta da zancen wani gidan adana zane-zane da suka gani a wayar babansu. A lokacin hanyar birni ba ta biyuwa, don haka mijinta Murtala ya ce a haƙura.

"Ba za mu haƙura ba, Baban Mubina," in ji Mufida. "In ba mu je nasu ba, sai mu yi namu nan Bakura."

Kwana tara tana bi gida-gida tana aron aikin hannu. Ta samu ƙwaryar da Gwaggo Marka ta yi wa zane, da hotunan shanun da yaran unguwa suka zana da gawayi a bayan kwali. Ta aika wa tsoho Bube mai gurmi a Damri, ya ce ciwon ƙafa ya hana shi fita. Sai ta sa Murtala ya ɗauko shi a babur.

Ran Asabar da hantsi suka rataye kayan a igiya a bakin rafi, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Iska ta kwashe zane huɗu ta zuba a ruwa. Mufida ta tattare zanenta ta shiga ta tsamo su, yara suka bi ta suna watsa wa juna ruwa, Bube kuwa ya kama kiɗa.

Matan da suka zo wanki suka tsaya kallo. Ɗaya ta ruga gida ta ɗauko faifan da ta saƙa, ta ce a rataya mata shi.