Motar Bayan Injin Niƙa

Tun da aka idar da sallar asuba Malam Babayo ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ɗauki takardar jawabinsa, ya ajiye, ya leƙa ƙofar gida, ya dawo ya sake ɗauka. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da tarihi a sakandare, taro bai taɓa ba shi tsoro ba. Abin da ya hana shi sukuni hannun 'yarsa ne.

Sati uku ke nan yana lura da Maijidda duk ranar da ta kawo masa abinci daga gidan mijinta a Rikkos. Tana cikin magana sai hannunta ya shige ƙarƙashin hijabi, ya danna gefen hagu, ya fito. Haka uwarta Hajjo ta yi wata takwas kafin ta yarda a duba ta, da aka duba kuma likita ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Uba ba ya tambayar 'yarsa ta fari abin da ke ƙirjinta, sunanta ma ba ya kira. Sau ɗaya ya daure ya ce, "Ke, ko za ki leƙa asibiti?"

Ta ce, "Wanda Inna ta leƙa, Baba?"

Bai sake ba. Amma jiya ya auna mata masara kwano biyu, ya ce a niƙa masa gobe Asabar, a injin bayan kasuwar Rikkos. Akwai inji uku tsakanin gidanta da can. Ta dube shi, ta sunkuyar da kai, ta ɗauka. Ta gane, kuma ya san ba za ta je sau biyu ba.

Duk macen unguwar ta san abin da ya saba tsayawa bayan injin nan ranar Asabar: farar bas mai labule, ba rubutu ko ɗaya a jikinta, da ma'aikaciyar jinya a ciki. Mace ta ajiye kwanonta a layin niƙa, ta zaga baya kamar mai neman inuwa, a duba ta, ta dawo ta ɗauki garinta. Dabarar Oga Mwadkon ce, dillalin dankalin Turawa mai tireloli, wanda ciwon daji ya kashe masa uwa ya ƙarar da sauran kwanakinsa yana ramuwa. A da Babayo kan ce attajirin da ba ya son a ga sunansa ko waliyyi ne ko yana da abin ɓoyewa. Da Hajjo ta rasu mutumin ya zo ta'aziyya, ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya tashi bai yi wa kowa jawabi ba. Daga ranar Babayo ya daina faɗin haka.

Tun da Mwadkon ya mutu motar ke ajiye. Yau shekara guda ke nan. Tun kwanakin baya iyalinsa suka sanar a rediyo cewa yau za ta koma aiki, suka kuma gayyaci Babayo ya yi magana a taron tunawa a matsayin mijin wadda aka taimaka. Taimakon dai bai hana ta mutuwa ba, amma masu shirya taro ba su cika tambayar ƙarshen labari ba.

Da keke ya sauke shi a filin taron a Tudun Wada, sai ya tsaya cik. Ga motar nan gaban rumfunan baƙi, an shafe ta da ruwan hoda. Fuskar marigayin ta cika gefe guda, haƙoransa kowanne kamar tafin hannu. A ƙasa an rubuta YAƘI DA CIWON DAJIN MAMA da manyan haruffa, an ɗora lasifika a sama, an jera kujeru ashirin a bakin ƙofa, mai kyamara na tsaye yana jiran mace ta farko.

Sista Theodora, ma'aikaciyar jinyar da ta yi shekara tara a cikin motar, tana zaune a matakala da safar hannu a cinya.

"Sista, mutum nawa?"

"Malam, tun bakwai. Ko akuya bai shiga ba. Na gaya masu, sun ce ni tsohon yayi ne."

Ya duba agogo: goma da kwata. Ya kutsa cikin manyan baƙi ya samo Jeffrey, ɗan marigayin, wanda ya zo daga Abuja da fayil ɗin takardu a hammata.

"Ɗana, yaushe motar za ta tafi Rikkos?"

"Rikkos? A'a Baba, yanzu nan ne wurinta. Daddy ya yi aiki shekara da shekaru ba wanda ya sani. Dole a san shi. Wayar da kai ke nan."

"An waye. Ga kujerunka can sun cika da wayayyu."

Jeffrey ya yi dariyar ladabi, ya ce za su yi magana bayan taro, wajen ƙarfe uku. Ƙarfe uku Maijidda ta tankaɗe garin ta ɗora tukunya.

Babayo ya zauna, ya tashi, ya koma. Fasto ya yi addu'a, liman ya yi. Shugaban 'yan dankali ya kira marigayin bango, wani ya kira shi giwa, wani da ya makara ya sake kiransa bango. Sha ɗaya da rabi aka miƙa wa Babayo makirfo. Ya bar takardar a aljihu.

"An ce in faɗi abin da Mwadkon ya yi wa matata. Abin da ya yi mata shi ne bai bari kowa ya gan ta ba. A rumfar nan akwai matan da suka shiga motar can suka rayu. Ba zan ce su ɗaga hannu ba, don ba za su ɗaga ba, kuma ya san haka tun kafin ku koyi rubuta sunansa da fenti. Yanzu haka akwai wata a bayan inji da kwanon masara. Ba zan faɗi ko 'yar wa ce ba. In garin ya fito motar ba ta can, shekara mai zuwa sai ku gayyaci mijinta ya yi muku jawabi."

Lasifikar motar na ta maimaita sanarwarta. Madam Kaneng, matar marigayin, ta miƙe daga kujerar gaba tana dafa sanda.

"Jeffrey, kashe abin nan. A kawo tamfol na dankali."

"Mummy, kwamishina bai iso ba..."

"Ya ga hoton a waya. Babanka ko a kalanda bai yarda an sa fuskarsa ba."

Direbobin tirela huɗu suka lulluɓe motar da koren tamfol mai warin ƙasa, suka bar gilashin gaba da ƙofa. Babayo ya zauna kusa da direba, yana taka birkin da babu shi a duk mahaɗa, yana tsine wa kowane mai keke a zuciyarsa.

Sha biyu ta gota suka shiga lungun. Daga nesa ya hango Maijidda, an riga an juye mata garin, tana ɗaure bakin kwano da ɗankwali. Ya sauka ta ɗaya gefen don kada ta gan shi. A nan ya tarar igiya ta kwance, iska na ɗaga tamfol, rabin haruffan da kunnen Mwadkon a waje. Ya kama bakin tamfol ɗin da hannu biyu ya ja ƙasa, ya taka igiyar da ƙafa.

Bai ga komai daga inda yake ba. Injin na ta ruri. Ya ji muryar Sista tana cewa, "Madam, zo ki huta a inuwa mana." Ya ƙara jan tamfol ɗin ƙasa. Sannan ya ji an dire kwano a ƙasa, motar ta ɗan sunkuya ta wancan gefe, aka ja labule.

Mai injin ya leƙo, fuskarsa fari fat da gari. "Baba, kawo in ɗaure maka igiyar."

"Bar shi," in ji Babayo. "Na riƙe."