Fefar Baba

…kuma sau goma sha ɗaya kalmar ta fito a jawabin, ta ƙirga. Wa ya aike ta zaɓar batun sake sarrafa takarda? Ita dai da jawo wa kai.

Kyamara a kunne. Baƙaƙen akwatuna ashirin a fuskar kwamfuta, kowanne da ɗalibi ɓoye a ciki — wani ƙila ma a kwance yake — sai malama kaɗai a fili, tabarau a karan hanci, biro a hannu. Zama na biyu ke nan. Na ƙarshe. In ta sake faɗuwa, sai maimaita shekara.

Bakinta na zuba Turanci, ita kuwa tana can… shagon Baba, warin gam, littattafan da ya ɗinke suna shan iska a kan benci. "Miƙo min fefa, 'yar boko." Fefa. Takarda ke nan a Turancin Baba, haka ta taso tana faɗa, har ranar zaman farko da malama ta tsayar da ita: ba fa ba ce, pa ce, sake. Ta sake. Sake. Akwatunan suka dinga sako 'yan fuskokin dariya, rawaya-rawaya, suna tashi sama kamar kumfa…

Wata uku tana riƙe guntun takarda a gaban baki. Haɗa leɓe, tara iska, saki — in takardar ta yi tsalle, an dace. Yayarta har leƙowa take: "Wai ke shayin wa kike hurawa?"

Ta kai hoto na uku a jawabin. Fanka na kaɗa labule, hasken hantsi na rarrafe a bango… shi Baba bai taɓa jin kunyar kalmar ba. Ya faɗe ta gaban lauyoyi, gaban malaman jami'a masu kawo masa aiki, ba wanda ya ce sake. Ko a zuci suke cewa? Hannunsa dai — zare, allura, babban yatsa mai tabon wuƙa — shekara biyu ke nan da aka rufe Baba, aka rufe shagon.

Ga kalmar nan tafe. Ƙarshen layin nan. Leɓe, iska —

Ta fita. Tsaf, da 'yar ƙararta, kamar an cire murfin kwalba. Ta biyu ma. Ta biyar. Malama ta gyaɗa kai, ta ɗan yi rubutu. Shi ke nan? Wata uku, gyaɗa kai ɗaya?

Sha ɗaya. "Yauwa, bakin ya gyaru," in ji malama. "Na gaba."

Ya gyaru… Ta kashe makirfo. Daɗi ya kamata ta ji, tana kuwa ji, kaɗan. Bari ta faɗa irin ta Baba, sau ɗaya, ba mai ji. Miƙo min —

Leɓunan suka haɗu da kansu. Ta sake. Suka sake haɗuwa.

Yaya ma yake cewa? Baba… yaya kake cewa?