Mai Tsare Rumfa Ranar Lahadi

A Sabon Garin Gusau, rumfar Irimiya mai sayar da hatsi tana jikin ta Malam Munzali. Sun daɗe da tsarinsu: ranar Juma'a Irimiya ke tsare rumfunan biyu har a sauko masallaci, ranar Lahadi kuma Munzali ya tsare, Irimiya ya tafi coci.

Sai dai Irimiya ya jima bai taka ƙofar coci ba. Yakan sa fararen kayansa, ya maƙale Littafi Mai Tsarki a hammata, ya hau mota zuwa Bungudu ko Tsafe saro gero. A ransa yana cewa ai an yi masa baftisma tun yana saurayi, Allah ya san zuciyarsa.

Wata Lahadi ya dawo da ƙaiƙayi a kafaɗa. Munzali ya kai hannu ya kakkaɓe masa.

"Malam Irimiya, wasu mata sun zo duba ka, sun zaci ciwo ne ya kwantar da kai. Na ce musu ai kana coci. Suka ce daga can suke. Ni don ka je gaban Ubangijinka nake zaman nan, ba don gero ba."



Da Lahadi ta zagayo, ya shiga coci ya zauna a bencin baya. Yana buɗe Littafin, ƙwayoyin gero suka zubo daga tsakanin shafuka. Ya durƙusa zai tsince su. Har aka idar da sujada, jama'a suka watse, yana nan a durƙushe.