Ganyen da Akuya Ba Ta Ci

Duk mai bin hanyar Anka zuwa Gummi ya san Baba Maccido direban roka, babbar motar kaya, in ma bai san shi ba Maccido zai sanar da shi. Shekara arba'in da ɗaya yana riƙe da sitiyari. Birki ya taɓa tsinke masa a gangara da buhu ɗari biyu a baya, ya tsaya lafiya. Ruwa ya cinye gada a gabansa, 'yan bindiga sun fasa masa gilashi, bai ko sauke hula ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne babu jami'in hanya da ya taɓa rubuta masa takardar laifi.

Takardar nan kuwa ita ce wuyansa. Alhaji Sufyanu mai motar ya daɗe yana neman hanyar sallamarsa cikin mutunci, har ya furta a gaban mutane cewa ranar da Maccido ya kawo takarda ɗaya, ranar zai ajiye makulli ya koma gida jiran jikoki.

Wata Alhamis da bazara, ya ɗauko taki daga Anka. Ya wuce mararrabar Bukkuyum kenan, a bayan wata kwana, fambel ɗin injin ya tsinke. Ya gangara gefe iya yadda titi ya bari, rabin motar na kan kwalta. Ya buga wa bakanike waya, ya zaro adda ya saro rassan sabara, ya koma bayan kwanar ya jera su a kan titi yadda ya gada daga maigidansa na fari. Sannan ya dawo ya shimfiɗa buzu a inuwar mota.

Bai daɗe ba motar jami'an kiyaye haɗurra ta tsaya. Wata jami'a ta fito, sunanta Hidaya, littafi a hannu.

"Sannu Baba. Lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Tsohuwa ce ta nemi hutu."

Ta nemi lasin, ya miƙa. Takardun mota, ya miƙa. Tukunyar kashe gobara, ya nuna. Da ta ce ina si-koshan, jar alamar nan mai kusurwa uku da ake kafawa bayan motar da ta lalace, sai Maccido ya yi murmushin wanda aka taɓo inda yake so. Ya hau, ya ɗaga kujera, ya sauko da ita cikin ledarta ta kanti, ko ƙura babu.

"Shekara tara ke nan. Duba, ko ƙwarzane ɗaya."

"Na gani, Baba. Me ya sa ba ta kan titi?"

Ya dube ta yadda ake duban mai tambayar me ya sa ba a noma da rigar sallah.

"In aza ta ga titi wani mahaukaci shi take min ita, gobe in kun tare ni mi zan gwada muku? Wagga taku ce, ta nunawa. Ta aiki tana can baya. Taho ki ga gargaɗi irin na manya, tun ba a haihe ki ba."

Ya wuce gaba yana taku ɗai-ɗai, tana biye, yana ba ta labarin gadar nan da ruwa ya ci. Suna karya kwana labarin ya tsaya a tsakiya. Babu ganye. Sai tsirarun itatuwa uku da kashin awaki, ga awakin wani makiyayi a bakin titi suna tuƙa, wata da reshe a baki.

Nan take wata bas ta taho a guje ta wuce su, suka ji ƙarar birki a bayan kwanar, sannan zagin direba. Allah ya kiyaye, ba ta taɓa rokar ba.

Hidaya ta buɗe littafi. Maccido, wanda bai sauke hula ga harsashi ba, ya cire ta ya share zufa.

"Ɗiyata, in kin rubuta, Alhaji karɓe makulli zai yi."

Ta dubi furfurarsa.

"Laifin farko ne, ina da ikon yi maka gargaɗi. Amma ba zan tafi hannu banza ba. Ko ka ba ni ledar nan, ko in ba ka takarda."

Ya juya alamar a hannu, ya sake juyawa. Ya sa haƙori ya yage ledar kamar mai yanka ragon da ya yi kiwo da kansa. Ta karɓa ta ninke ta sa aljihu. Ya kafa alamar inda ta nuna, ya tsaya a kanta yana hararar duk motar da ta tunkaro.

Akuyar nan mai reshe ta matso, ta shinshina jar alamar, ta yi atishawa ta juya.

Da la'asar ya shiga Gummi da makullinsa. Kafin a gama sauke taki, 'yan tasha duk sun ji cewa Maccido ya gano wani ganye da akuya ba ta ci, har ya koya wa wata yarinya mai kaki yadda ake kafa shi.