Muryar Inna a Lamba Ɗaya

Almakashi ta gama yagalgala waƙa ta biyu ke nan Injiniya ya sako mata ta ɗaya a kunne, ya jingina da kujerarsa yana murmushin mugunta.

"Wannan fa sai dai ki haƙura, Anti," in ji shi. "Ko ke ba ki da inda za ki yanka."

"Za mu gani. Ƙara sauti."

Masu sauraro ne suka laƙaba mata sunan Almakashi, ya bi ta har a ofis aka manta da na ainihi. Ƙarshen kowane wata take gabatar da shirin Goman Wata a gidan rediyon: ta ɗauko waƙoƙi goma da suka fi tashe, ta bi su daga ƙasa zuwa sama, ta faɗi abin da ta ji ba sani ba sabo. Ba ta taɓa barin waƙa ta kai ƙarshe ba. Da ta ji mawaƙi ya fara maimaita kansa sai ta datse shi, ta hau magana. Mawaƙa na tsine mata a bayan ido, amma ranar shirin su ne kan gaba wajen kunna rediyo.

Tana da wata ɗabi'a kuma. Ba ta saurarar sabuwar waƙa a titi, wai lasifikar mota maƙaryaciya ce. Sai safiyar ranar shiri take zama a wannan ɗakin mai sanyi, ta toshe kunnuwanta biyu, ta ji komai daki-daki. Shi ya sa duk da waƙar Ɗan Kwalisa, "Kar Ka Daɗe", ta cika gari makonni, yau ne ta fara ba ta kunne da gaske.

Baitin farko bai burge ta ba. Yaro ne mai gashi da takalma, murya kuwa ba yabo ba fallasa. Har ta buɗe baki za ta faɗi haka sai amshin ya shigo, muryar mace, siririya, an ɗan ƙara mata gudu: *Kar ka daɗe, hanya da nisa, ni ina nan bakin ƙofa.* A ƙarƙashin muryar akwai tafi, a ƙarƙashin tafin kuma wata 'yar ƙara, cas, cas.

Almakashi ta ɗaga wa Injiniya hannu.

"Mayar da ita baya. Rage gudun. Cire min gangar nan in za ka iya."

Injiniya ya daddanna abin da zai danna. Muryar ta sauko, ta yi kauri, ta zauna a mazauninta. Kafin kowane layi akwai ɗan jan numfashi ta hanci. Ƙarar nan kuwa ba ta kayan kiɗa ba ce, awarwaro ne ke gogar juna a hannun mai tafi.

"Lafiya, Anti?"

"Innata ce," ta ce. "Wallahi Innata ce."

Inna ta yi ƙuruciyarta tana amshi a bayan mawaƙa. Ita ce ake kira in waƙa ta ƙi tashi, amma ko sau ɗaya sunanta bai hau bangon kaset ba. Ɗakin ɗaukar waƙa da ta fi yi wa aiki ya daɗe da rufewa; da mai shi ya rasu 'ya'yansa suka sayar da kayan ciki har da faya-fayen da ba a taɓa fitarwa ba. Bara kuma ciwo ya kama Inna a maƙogwaro. Likitoci suka yi mata aiki, rai ya tsira, murya ta tafi gaba ɗaya. Yanzu in tana son ruwa, awarwaronta take kaɗawa.

Kafin Almakashi ta cire abin kunnen, Injiniya ya riga ya kai labari ofishin Manaja. Ba a banza ake ce masa rediyo mai jini ba. Manaja ya shigo yana murza hannu kamar wanda aka kira cin abinci.

"Allah ya kashe ya ba mu! Ki fasa ƙwan nan yau, kai tsaye. Ki saka tasu, ki saka ta asali, ki faɗi ko muryar wace ce. Gobe duk gari maganarmu za a yi."

"Sannan me zai faru?"

"Me zai faru kuwa? Mu sauke waƙar, sauran gidaje su bi, kamfanin yaron ya janye ta daga ko'ina har a gama shari'a. Irin wannan kuwa kin san sai ta ci shekaru. Ba mai sake jin ta, ki kwantar da hankalinki. Ɓarawo ba zai ci bulus da muryar mahaifiyarki ba."

Maganar ta yi mata daɗi, don ranta tafasa yake. Amma ta ce sai ta gaya wa Inna da bakinta tukuna, kada tsohuwa ta ji a rediyo. Shirin sai da yamma. Ta ɗauki jaka ta fita.

A bas ɗin da ta hau ma waƙar ce. Direba na bi, kwandasta na bi, wata ma'aikaciyar jinya a gefenta na kaɗa kai idonta a rufe. Da amshin ya zo duk motar ta ɗauka. Almakashi ta ji kamar ta miƙe ta ce musu: kun san wadda kuke bi? Kun san ko sunan jikokinta ba ta iya kira? Ta juya fuska waje, ta danne kukan da ya taso mata.

Gidansu na hawa na biyu, saman wani shagon gyaran waya, yana kallon shagon aski a tsallaken titi. Gwaggo, ƙanwar marigayi babanta, wadda ke zaune da Inna tun bayan aikin, ita ta buɗe ƙofa.

"A'a, 'yar rediyo da tsakar rana? An kore ki ne? Na sha gaya miki bakin nan naki."

"Ina Inna?"

"Tana ofis." Gwaggo ta nuna da haɓa.

An jawo kujerar Inna daga gaban talabijin an kai ta jikin taga. Tana zaune ta sha ɗauri, ta sa kwalli, ga ƙyallen da take rufe wuyanta da shi an goge shi tsaf. A kan teburin gefenta akwai faranti, an cinye abin ciki tas. Almakashi ta tsaya tana kallon farantin, don wata da watanni sai an yi dambe Inna ke kai loma uku.

Ta durƙusa ta gaishe ta, ta riƙe hannunta. "Inna, akwai maganar da na zo da ita. Akwai wata waƙa da ake yayi..."

Gwaggo ta kwashe da dariya. "Sannu, mai labari. Yau kika sani? Mu da muka ji tun ranar da mai askin can ya fara sakawa! Tana kwance ta tashi zumbur, ta dinga kaɗa min awarwaro har na zaci shaƙewa ta yi. Tun ran nan nan ne wurin zamanta."

"Kuka ƙi gaya min?"

"Ita ta hana. Ta san halinki."

"Gwaggo, sata ce fa! Ba su tambaye ta ba, ba su sa sunanta ba. Yaron nan yana yawo a mota yana ɗaga wa mutane hannu da muryar Inna. Yau zan tona musu asiri, a sauke waƙar ko'ina da ina. Inna, kin ji? Ba za a ƙara saka ta ba."

Yatsun Inna suka damƙe wuyan hannunta da ƙarfin da ba ta san tsohuwar na da sauransa ba. Tsohuwar ta girgiza kai. Leɓɓanta suka motsa, iska kawai ta fito. Almakashi ta iya karanta bakin nan yanzu. *Bar ta.*

"Inna, haƙƙinki ne."

*Bar ta.*

"To in waƙar kike so ai sai in sa miki a waya, ta asali ma, ba gangar banzan nan. Ki ji safe da yamma."

"Na gwada," in ji Gwaggo, dariyar ta bar muryarta. "Ture wayar ta yi. Ba ita kaɗai take son ji ba. So take ta ji daga waje."

Kamar yana jin su, mai aski ya sako waƙar. Inna ta saki hannun 'yarta, ta gyara zama, ta ɗaga haɓa. Baitin yaron ya wuce tana ƙirga kiɗan da yatsa. Sai ta ja numfashin nan nata, ta buɗe baki daidai kan gaɓa, muryar ta haura daga tsallaken titi ta shigo ta taga ta faɗa bakinta. *Kar ka daɗe, hanya da nisa.* Tana tafi a hankali, awarwaron ɗaki da na cikin waƙa suna tafiya tare. A ƙasa wata mai tura keken kayan lambu tana bi, masu jiran aski biyu suna bi. Inna ta nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, don 'yarta ta gani.

Almakashi ta yi kuka, ba ta ko ɓoye ba. Rabon da ta ga uwarta tana waƙa har ta fidda rai.

Da waƙar ta ƙare Inna ta dube ta, ta ɗaga gira. *Ta nawa?*

Almakashi ta ɗaga yatsa ɗaya. "Ta ɗaya, Inna. Duk ta doke su."

Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta dubi Gwaggo da alfahari. Sannan ta juya hannu gaba, alamar wata mai zuwa fa?

Almakashi ta kawar da ido. Aikinta ke nan, ta fi kowa sani. Masu kiran waya su roƙi waƙar sun fara raguwa tun makon jiya. Ta lamba uku, wata mai gudu ta wasu 'yan mata biyu, tana hawowa kamar wutar kara. Waƙar yayi ba ta da amana. Wata mai zuwa in "Kar Ka Daɗe" ta yi sa'a ta tsaya a ta bakwai, na gaba ba mai tuna ta.

"Sai yadda Allah ya yi, Inna," ta ce, ta gyara mata ƙyallen wuya.

Da yamma jar fitilar ɗakin shiri ta kama. Almakashi ta shiga aiki kamar kullum. Ta goma ta ce mai ita ya koma ya nemi gafarar gangar da ya zalunta. Ta shida ta ce da amshinta ya kai baitinta da an huta. Ta uku ta yaba, don ta cancanta, ko da yake yabon ya yi mata ɗaci a baki. A bayan gilashi Manaja na tsaye, Injiniya ya ɗora yatsa kan muryar asalin da ya tace, yana jiran ta ɗaga masa hannu.

"Sai ta ɗaya," ta ce. "Ɗan Kwalisa, 'Kar Ka Daɗe'. Baitinka, ƙanena, da sauran aiki, kai ma ka sani. Ba kai ka kai waƙar nan sama ba. Akwai wata mata a bayanka. Masu sauraro, in amshin ya zo ku yi shiru ku ji yadda take jan numfashi, ku ji yadda take ajiye kalmar ƙarshe ba ta jefar da ita. Ba a koyon wannan a wata guda. In kuna mota ku sauke gilashi. In kuna shago ku ƙara sauti. Ba ku san wa ke sauraro ba."

Manaja ya ƙwanƙwasa gilashin, yana yi mata alamar ci gaba, faɗi sunan. Ta kashe makirfo ɗinta, ta naɗe hannu. Waƙar ta tafi, baiti da amshi, baiti da amshi, har tafin ƙarshe ya mutu da kansa. Wayoyin gidan suka hau ruri, mutane na tambaya ko Almakashi ba ta da lafiya ne.

"Kin zubar mana da labarin shekara," in ji Manaja da ta fito, ransa a ɓace.

"Kunnena ne ya yaudare ni, ranka ya daɗe. Ba ita ba ce." Ta dubi Injiniya. "Goge abin nan da ka tace. In kuma na ji maganar a bakin wani, kai na sani."

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ta sauka a layinsu. Tun daga nesa ta jiyo lasifikar mai aski, waƙar 'yan matan nan biyu ce ke tashi. Ta ɗaga kai. Inna na jikin taga, hannunta a kan cinya, tana jira.

Almakashi ta tsallaka titi ta shiga shagon. Mai askin ya gane ta, ya tsayar da injinsa a tsakiyar kan mutum.

"Kai, yau manya ne a shagonmu! Anti, na ji shirinki. Amma gaskiya waccan ta fara tsufa, yanzu wannan ake yi."

"Na sani," ta ce. Ita da ta sha yi wa masu roƙon a maimaita waƙa dariya a rediyo, sai ta ji muryarta ta yi ƙasa. "Alfarma na zo nema, ƙanena. Ka riƙa saka waccan ɗin ko sau ɗaya a rana. Da hantsi, lokacin da titi ke da mutane. Ka juya lasifikar waje."

"Har yaushe?"

"Har in zo in ce ka bari."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, bai ƙara tambaya ba. Ya miƙa hannu ya canza waƙar. Masu jiran layi suka yi tsaki, ɗaya ya ce haba, wannan kuma? Da amshin ya zo ba wanda ya bi.

Daga tagar hawa na biyu awarwaro ya fara amsawa, cas, cas.