Rigar Dodon Kunnen Ɗayyabu

Jiya da hantsi barci ya sace ni a kan bencin asibiti, sai na yi wani mafarki. Lokacin an shiga da jikana Ɗayyabu ɗakin tiyata. Shekararsa takwas, dodon kunnensa na hagu ya huje, likita ta ce faci za a yi masa.

Sai ga ni a wata kasuwa da ke ci a cikin kunnen yaron. Zabbi ne ke yankan kati a ƙofa, layi kuma baya-baya yake tafiya, saboda haka da na makara ni na fara shiga.

Can ƙurya na tarar da dodon kunnen da kansa. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yana zaune kan turmi, iska na shiga ta yagar rigarsa.

"Sannu, Baba," na ce. "Kai ne ka bar angona sai an kira shi sau uku?"

"Hajiya, duk maganar da na tara ta nan take zubewa."

'Yan kasuwa suka yanyame mu. Wata akuya ta kawo ɓawon albasa, dodo ya gwada, ya ce kowane labari zai riƙa sa yaron kuka. Gizo ya miƙo yanarsa. Wani makaɗi ya kawo fatar kalangu, aka ɗora, na yi sallama, sai Ɗayyabu ya taka rawa daga waje, kasuwar duk ta girgiza.

Na cire ɗankwali na miƙa kunnena. "Ku yanki nawa. Duka ma ku ɗauka, na gama jin abin da zan ji a duniya."

Likitar wurin hawainiya ce, da farar riga. Ta leƙa kunnena ta daɗe.

"Hajiya, gulmar shekara sittin ce a ciki. Yaro zai tashi yana jin haushin mutanen da suka rasu tun kafin a haife shi."

Na mayar da ɗankwalina, don gaskiya ta faɗa.

Sai ga Ɗayyabu ya shigo cikin kunnen nasa, ya gaishe mu. Ya kai hannu bayan kunnensa ya ciro 'yar fata, siririya kamar ganyen zogale. Dodo ya shinshina ya ce, "Wannan ta gida ce." Hawainiya ta ɗinke da zaren ruwan sama.

Aka buɗe ƙofa. Muryoyin da suka shekara biyu suna jira suka shigo a jere: ƙararrawar makaranta, kukan tattabarunsa, da wani raɗa tsoho mai ɗingishi. Na gane shi. Addu'ar da nake tofa masa ce in ya yi barci.

Ƙiiƙ, ƙiiƙ. Tayar gadon marasa lafiya ce ta tashe ni. An turo shi, kai naɗe da bandeji, ido rabi a buɗe.

"Hajiya," ya ce, "yunwa nake ji."

"Alhamdu lillahi," na ce, ina share hawaye. "An dai fara ji."