MaZungu Ta Tafi Ɗauko Mijinta

Ga ta nan tafe gare ku, ku gyara zama.

Ta ƙaraso, muna saurare.

Wannan ba ji na yi ba, da ni aka yi ta, don ni aka ɗauka in zama bakin mai labarin.

A layinmu na Umlazi, a gefen Durban ta Afirka ta Kudu, gida uku ne tsakanina da MaZungu. Shekara arba'in muna aron gishiri muna mayar da sukari. Mijinta, Bhekizizwe Cele, a jirgin kamun kifi yake aiki. Wata Talata ya tashi daga tashar Durban, ɗansu Mlungisi yana goye, jirgin ya kife kusa da tsibirin Inhaca a ƙasar Mozambik. Masuntan wurin suka tsinci gawarsa bayan kwana uku, suka binne shi a bayan cocinsu, limamin cocin ya aiko da wasiƙa. Lokacin ana yaƙi a can, ba mai shiga. Yaƙi ya ƙare, babu kuwa ba ta ƙare ba. Haka shekara talatin da shida ta wuce.

Kun dai san wanda ya mutu a waje ba ya gane hanyar gida sai an je an ɗauko shi. A yanko reshen magaryar kura, a kai inda ya kwanta, a shafi ƙasar wurin da shi, a kira mamacin da kirarin gidansu a ce ya tashi a tafi. Daga nan mai riƙe da reshe ba ya waiwaye, ba ya kuma buɗe baki ga kowa sai shi, har a shiga gida. In mota aka hau a biya masa kujera. In za a haye kogi a faɗa masa. Aikin maza ne, amma mazan gidan Cele sun ƙare, Mlungisi kuwa a ramin haƙar ma'adinai yake can arewa, kwana biyu kacal ake ba shi. Da likita ya gaya wa MaZungu zuciyarta ta gaji, sai ta tara sauran dangi ta ce ita za ta.

"Na zauna a gida ɗaya babu shi," in ji ta. "Ba zan je na biyu in tarar nan ma ba ya nan ba."

A watan ne uwar adashinmu ta zo da wata takarda mai sheƙi. Jirgin shaƙatawa, kwana huɗu, daga Durban zuwa tsibiran Mozambik a dawo. Ci da sha da makwanci, komai a ciki. MaZungu ta ɗora yatsa a kan hoton ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Na ce mata, "Ke, akwai mota fa. A bi ta iyaka, a kwana a Maputo, a haye."

"MaShezi, ta ina ya fita?"

"Ta ruwa."

"To ta ruwa zai dawo. Mutumin da bai taɓa ganin hanyar iyaka ba, in ɗora shi a kanta ya ɓace mini a tasha? Ya san bakin tashar Durban kamar ƙofar ɗakinsa. Ke dai ki zo ki yi mini magana a dawowa. Allah bai ba ki wannan bakin a banza ba."

"Sai yau kika ga amfaninsa."

"Sai yau ya samu."

Ta kwashe adashinta na shekara biyu, ta sayar da keken ɗinkinta. Ɗaki mai gado biyu ta kama, ɗaya nata, ɗaya nasa. A ofishin sayar da tikiti yarinyar ta tambayi sunan mutum na biyu, ta faɗa, aka ce fasfonsa fa. Da muka yi bayani yarinyar ta sunkuyar da kai, 'yar gida ce, ta gane. Ta ce na'ura ba ta karɓar suna sai da lamba. Aka rubuta ta ita kaɗai, aka karɓi kusan kuɗin mutum biyu. Kuɗin bai dame ta ba. Har muka hau tasi tana cewa da dai sun rubuta sunansa ko da da biro ne.

Ranar tafiya, mu da sauran matan adashi, muka ga jirgi ya fi asibitinmu tsayi. Tun a ƙofa aka ba kowa kati, aka ce a nan ba a taɓa kuɗi, komai da kati ne, amma sai kowa ya ajiye rand dubu tukuna a kansa. Uwar adashi ta zaro takardar mai sheƙi tana nuna musu "komai a ciki", aka juya mata bayanta, inda rubutu yake kamar ƙafar tururuwa. Akwai kuɗin tasha. Akwai kuɗin hidima, kowace rana, kowane kai, ko ka nemi hidima ko ba ka nema ba. Abinci kam kyauta ne, ga shi nan tuli, amma ruwan gora na sayarwa ne, MaZungu kuwa ƙwaya biyar take sha a yini. Ta so ta kira Mlungisi ta ce masa mun tashi, aka ce waya ba ta kamawa a teku sai an sayi layin jirgi. Ta mayar da wayar jaka.

Ɗakinta babu taga. Ta shimfiɗa farin zane a gado na biyu ta kwantar da reshen. Mai gyara ɗakunan hawanmu wata dattijuwa ce 'yar Madagaskar, Voahirana, wata takwas rabonta da 'ya'yanta. Da ta ga reshe a gado ba ta tambaya ba, ta dai gyara masa matashi kamar yadda ta gyara wa mai rai.

Washegari muka je teburin masu shirya fita tsibiri. A nan muka ji cewa kwale-kwalen kyauta ba Inhaca yake zuwa ba, wani ɗan tsibirin yashi ne a gefensa, inda ake gasa nama a yi wanka. Inhaca sai an biya daban.

"Nawa?" in ji MaZungu.

Saurayin ya faɗa.

"Ba ni uku. Ni, da ƙawata, da na dawowa guda."

"Gogo," in ji shi, wato kaka da yarenmu, "ba a sayar da na dawowa kaɗai."

"To ba ni cikakke. Ba zai zauna a cinyata ba, ba yaro ba ne."

Ya dube ni, na ce masa ya rubuta kawai.

Yinin nan kowa yana sama ana kiɗa, ana ƙone fata a rana. Ba ka taku goma wani bai tare ka ba, mai hoto, mai tausa, mai turare, kowa da murmushinsa da na'urar katinsa. MaZungu ta ce, "Gobe duk naki ne waɗannan." Na ce ta bar ni da su, sai sun roƙe ni in yi shiru. Ta yi dariya, ita ce dariyar da na ji ta yi a duk tafiyar.

Rana ta uku da sassafe ta sa baƙin siket da mayafin kafaɗa, ta naɗe reshen a farin zanen. Aka ba mu lamba, muka zauna a wani zaure da ɗaruruwan mutane masu gajeren wando. Ƙarfe bakwai. Takwas. Jirgi yana ɗan tangaɗi, kofuna suna tafiya a tebur. Wajen tara da rabi lasifika ta yi ƙara, kyaftin ya ce igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ba za a sauke kwale-kwale ba, lafiyar fasinja ce gaba da komai. Ya ce a maimakon haka an shirya gasar rawa a bakin tafkin wanka, kuma an rage kuɗin giya.

Mutane suka yi ta tsaki suna tashi. MaZungu ba ta jin Turancin lasifika sosai. Ta ce, "Me ya ce?"

Na faɗa mata. Tunda nake magana ba ta taɓa yi mini nauyi kamar ranar ba.

Muka koma teburin. Layi har ya lanƙwasa. Da muka iso na buɗe baki na yi aikin da aka kawo ni, ko da yake ba irinsa aka kawo ni yi ba. Na ce a jira zuwa la'asar. Saurayin ya ce jirgi zai juya da tsakar rana, don akwai wasu fasinjojin da ke jiransa a Durban. Na ce a sauke mu mu biyu, za mu nemi hanyarmu. Ya ce ba a yi. Na ce to tsohuwar nan ta sayar da abin sana'arta don tsibirin nan kaɗai. Ya nuna mini layi a bayan takarda, cewa kamfani yana iya fasa tsayawa ko'ina saboda yanayi, ba a mayar da komai. Kuɗin kwale-kwale dai za a zuba a kati, amma a cikin jirgi za a kashe shi.

"Akwai shaguna a hawa na shida, Mama," in ji shi, a hankali. Ba mugu ba ne. Abin da aka ba shi ya faɗa ke nan.

Muka hau sama muka tsaya a jikin ƙarfen gefe. Ga Inhaca nan. Ana ganin bishiyoyi, da farin yashi, da wani dogon gini fari a kan tudu. MaZungu ta riƙe reshen da hannu biyu, iska tana fizgar zanen.

Na ce, "Ƙawata, saurara. A ruwa ya mutu. Kabari ajiya ce kawai. Ruwan nan ma ai wurinsa ne."

Ta leƙa ƙasa. Tsakaninmu da ruwa ya kai hawa goma.

Voahirana ta zo wucewa da tawul a hannu, ta ji abin da ya faru. Ta tsaya ta yi tunani. Ta ce ƙofar da ke kusa da ruwa tana can ƙasa, a kulle, ko ita ba ta isa ba. Amma ruwan tafkin wanka na teku ne, da asubar nan aka jawo shi, a daidai nan. Ta faɗa tana kallon ƙasa, kamar mai miƙa wa baƙo ɗan abin da ya rage a tukunya.

Muka je muka duba. Kiɗa yana dukan ƙirji. Wani ƙaton mutum yana kwance a ruwan da gwangwani a kan tumbinsa, yara suna tsalle, mai lasifika yana kiran mata su fito rawa. MaZungu ta daɗe tana kallo. Na ga ta fara kwance bakin zanen, har ƙaya ɗaya ta leƙo. Sai ta mayar ta ɗaure.

"Shekara talatin da shida yana jira," in ji ta. "In kira shi Ndosi, kirarin gidansu, ya fito daga nan? In ma ya amsa, ta ina zan san shi ne? In kai wa ɗana wanda ban sani ba in ce ga ubanka?"

Ta juya wa tafkin baya.

Ta koma gefen ƙarfe. Ba ta kira shi da kirari ba, don kira alkawari ne. Magana kawai ta yi masa, irin ta mata da miji. Ta ce, "Baban Mlungisi, ni ce. Na zo, ba su bar ni na sauka ba. Kada ka taso, ba ɗaukarka na zo yi ba yau, kada ka biyo jirgin nan ka ɓace. Yaron ya girma, yana da 'ya'ya uku. Na gyara rufin ɗaki." Tana cikin faɗa masa wanda ya mutu da wanda ya yi aure daɓen jirgin ya fara rawa a ƙafafunmu, tsibirin ya soma komawa baya.

A dawowa ba ta bar ni na yi aikina ba. Kowa ya gaishe ta sai ta amsa, mai hoto, mai tausa, duka. Kuɗin kwale-kwalen nan ruwan gora ta saye da shi, ta ce a kai wa masu gyara ɗaki. Ranar sauka aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, kuɗin hidima ya cinye ajiyarta har ya nemi ƙari. Ta biya. Voahirana ta ƙi karɓar abin da ta miƙa mata a hannu.

A gida ba wanda ya sani, tunda waya ba ta kama ba, da muka sauka kuma ta hana ni kira. Mun tarar an share tsakar gida, an dama giya, akuya tana ɗaure. Mlungisi ya kwana a mota ya iso, yana tsaye a ƙofa da hularsa a hannu, jikoki a bayansa, kowa shiru, an buɗe hanya yadda mai reshe zai wuce ba tare da an yi masa magana ba.

MaZungu ta sauko daga tasi, ta tsaya a gabansa.

"Sannu, ɗana," in ji ta. "Ka zo lafiya?"

Ya dube ta, ya dubi zanen da ke hannunta. Sannan ya mayar da hularsa kai, ya karɓi jakarta.

MaZungu ta rasu da sanyin shekarar da ta biyo, aka binne ta a Umlazi. Mlungisi yana can a ramin ma'adinai, ya yi fasfo, bai samu hutu ba tukuna. Voahirana ban sake jin labarinta ba. Uwar adashi ta sake kai matan adashinmu wani jirgin, sun ce sun ji daɗi. Ni ina nan gida uku da gidan, ban ƙara hawa ruwa ba. Bhekizizwe Cele kuwa yana Inhaca, a bayan coci.